Tarawa Kafin Rabawa: Yadda A Ke Fitar da Kashi Cikin Ɗari a Manhajojin Rahoto



Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da lissafi? Abin da ya haɗa mu shi ne 'yar kalmar nan "na". In mutum ya ce "kashi 70 cikin ɗari" ya yi shiru, maganarsa ba ta cika ba, sai an tambaye shi, na me? Ma'aikacin da ya manta da wannan tambaya, kwamfuta ba za ta tuna masa ba.

A ofisoshi da kamfanoni a kan yi aiki da manhajojin da ke tattara alƙaluma su fitar da rahoto, irin su Tableau da Power BI, wadda Microsoft ya fitar a 2015. A kan zuba musu alƙaluma cikin jadawali, kowane layin kwance da abin da ya ke wakilta, kowane layin tsaye da irin adadin da ya ɗauka. Al'adar waɗannan manhajoji ita ce su tara duk adadin da su ka tarar a layin tsaye, ba ruwansu da ma'anarsa.

Mu ƙaddara wani jami'in ilmi ya na da makarantu biyu. A ta farko yara 10 su ka zauna jarrabawa, 9 su ka ci, wato kashi 90. A ta biyu yara 200 su ka zauna, 100 su ka ci, wato kashi 50. Jami'in ya buɗe sabon layin tsaye ya sa kason kowace makaranta, sai manhaja ta tara masa, ta ba shi 140. Wannan kuskure ba shi da haɗari, domin ko yaro ya san ba a cin 140 cikin ɗari. Haɗarin ya na zuwa ne sa'ad da ya gyara, ya ce a ba shi matsakaici, a ka ba shi 70. Adadin ya yi kama da gaskiya, amma kallon kitse ne a ke yi wa rogo, gama an auna makarantar yara 10 da ta yara 200 da mudu ɗaya.

Hanyar da ta dace ita ce a tara waɗanda su ka ci, 109, a tara waɗanda su ka zauna, 210, sa'an nan a raba na farko da na biyu. Abin da zai fito bai kai kashi 52 ba. Saboda haka a umurci manhajar ta raba jimla da jimla, ta yadda duk lokacin da a ka ƙara makaranta ko a ka cire, za ta sake tarawa kafin ta raba. Tsakanin 70 da 52 akwai yara kusan 38 da rahoto ya ce sun ci alhali sun faɗi, kuma da wannan rahoto ne za a yanke shawarar inda za a tura malamai.

Duk da haka, jimlar da ta yi daidai ma ta kan rufe wani abu. A 1973, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, an ɗauki kimanin kashi 44 na mazan da su ka nemi karatun babban digiri, mata kuwa kimanin kashi 35. Da a ka bi sashe-sashe, sai a ka ga yawancin sassan ba su danne mata ba. Matan sun fi neman sassan da shigarsu ke da wuya ne. Masana su na kiran wannan da sunan Edward Simpson, Baturen Ingila da ya yi bayaninsa a 1951.

Don haka, ya ku ma'aikata, in an kawo muku rahoto, kafin ku sa hannu ku nemi ganin adadin sama da na ƙasa waɗanda a ka raba, ku kuma dubi kowane sashe shi kaɗai.