Ruwan tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai: me doka ta ce kafin a ɗiba?

Duk lokacin bazara, idan famfo ya ɗauke a unguwanni irin su Runjin Sambo a birnin Sakkwato, 'yan ga-ruwa da masu tanka kan bazama neman ruwa duk inda yake. A irin wannan hali ne ido kan koma kan ruwan da ke kwance a ramukan da aka haƙa aka bari, ko na yashi, ko na ƙasar gini, ko na dutse. Yankin kuwa ba baƙon haƙa ba ne: tun 1967 ake sarrafa siminti a Kalambaina da dutsen da ake fasawa a kewayen wurin.

Ramuka ba duka suke ɗaya ba. Ruwan ramin dutsen siminti yakan yi nauyi, ya ƙi kumfar sabulu, kuma haɗarinsa ya fi zuwa daga ƙazanta, sauro da tsargiya. Ramin zinariya kuwa wani abu ne daban. Idan iska da ruwa suka taɓa wasu duwatsun da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, ruwan yakan yi tsami ya narkar da ƙarafa masu guba irin su dalma. Dalma ba ta canza launin ruwa ko ƙanshinsa, tafasawa ma ba ta fitar da ita. Mun ga ɓarnarta a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya ta gurɓata gidaje da kududdufai a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara kimanin 400 suka rasu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya gyara wurin idan ya gama aiki. Wata doka ta 1992 ta sharɗanta a auna tasirin babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, hukumar NESREA kuma, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan gurɓata ruwa. Mai ɗibar ruwa domin kasuwanci ko masana'anta sai ya nemi lasisin amfani da ruwa daga gwamnatin tarayya, mai ƙulla shi a leda ya sayar kuma sai da rajistar NAFDAC. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ba.

Giɓin yana wuri guda. Dokar ruwa ta 1993 ta bar mutum ya ɗiba domin amfanin gida da shayar da dabbobi ba tare da lasisi ba. Wannan adalci ne ga talaka, amma ya bar uwa da makiyayi suna shan ruwan da babu wanda ya gwada.

Toshe ramukan duka ba mafita ba ce. A Filato, manoman rani sun daɗe suna ban ruwa da tafkunan da haƙar kuza ta bari. Abin da ya kamata shi ne ma'aikatar muhalli ta jihar Sakkwato, tare da masana na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su ƙidaya ramukan, su gwada ruwan kowanne rani da damina, su kafa allo da Hausa mai bayyana abin da ya dace a yi da shi. Kafin nan, magidanci ya tambayi mai kawo masa ruwa daga ina ya ɗebo. Rigakafi ya fi magani.