Yadda ake gyara yoyon man birki a jirgin saman da aka haɗa a gida

A ƙasar Amurka akwai dubban mutane da ke haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu a garejin gida, su kuma tashi da su bisa doka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, tana yi wa irin waɗannan jirage rajista a rukunin na gwaji, da sharaɗin cewa mai jirgin ne ya yi fiye da rabin aikin, domin neman ilimi ko nishaɗi. Ƙungiyarsu mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana taro duk shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, inda jirage kusan 10,000 ke sauka.

Mafi shahara a cikin waɗannan jirage su ne samfurin RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, waɗanda sama da 10,000 daga cikinsu aka kammala suka tashi. Samfurin ba baƙo ba ne a Najeriya, domin jirgin koyar da tuƙi na Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna don Rundunar Sojin Sama, a kan tsarin RV-6A aka gina shi.

Daga cikin matsalolin da masu irin wannan jirgi ke yawan cin karo da su akwai ɗigar jan mai daga ɗan tankin man birki. Tankin bai wuce girman ƙaramin kofin shayi ba, amma sakaci da shi na iya jawo asarar jirgi, har ma da rai.

Me ya sa ɗigo kaɗan ke da haɗari?

A jirgi kamar RV-6A, tayar gaba ba ta da sitiyari, juyawa take yi yadda aka ja ta. Idan jirgin yana tafiya a hankali a ƙasa, matuƙi na karkata shi ne da birki: ya taka na dama ya yi dama, ya taka na hagu ya yi hagu. Saboda haka duk wanda birkin ɓangare guda ya ƙwace masa bayan sauka, ya rasa abin tsayawa da abin juyawa a lokaci guda, kuma jirgin kan iya barin titi ya faɗa ciyawa.

Haɗari na biyu shi ne gobara. Man da aka fi zubawa, mai lamba MIL-H-5606, daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma tururinsa na iya kamawa da wuta tun daga zafin da bai wuce maki 82 a ma'aunin Salsiyas da yawa ba. Faifan birki kuwa kan zarce wannan zafi nesa idan an taka da ƙarfi.

Yadda tsarin yake aiki

Ana ɗaure tankin ne a saman bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin matuƙi. Daga ƙasansa siraran tiyo na roba ke kai mai zuwa ƙananan famfuna, waɗanda makanikai ke kira masta, da ke jikin matakan ƙafar matuƙi. Idan aka taka, masta ta tura mai da ƙarfi zuwa kalifa, ita kuma ta matse faifan da ke jikin taya.

Babu matsi a cikin tankin kansa. Aikinsa ajiye rarar mai ne kawai, kuma murfinsa na da ƙaramin rami domin iska ta shiga ta fita. Wannan ya sa dole a fara da tambaya guda: man ta ramin murfi yake fitowa, ko ta mahaɗi, ko kuwa jikin tankin ne ya tsage?

Gano inda yake fitowa

Mai yakan bi jikin ƙarfe ya gangara, don haka inda aka ga ɗigo ba lallai nan ne tushensa ba. Matakin farko shi ne a goge tankin da kewayensa tas, a bar su su bushe. Sai a naɗa farar takarda mai tsotse ruwa a murfi da kowane mahaɗi, a bar shi ya kwana. Jan launin man zai nuna wurin da ya fara jiƙewa. Idan babu komai alhali bayan kowace tafiya ana ganin mai, to matsalar tana faruwa ne a sama.

Idan ta murfi ne

Sau da yawa cika tanki fal ne sanadi. Mai na kumbura idan ya ji zafin injin, ya rasa wurin zuwa sai ramin murfi. Maganinsa a zuƙe kaɗan da sirinji, a bar sarari a sama.

Wani sanadin shi ne iskar da ta maƙale a cikin tiyo. A tsayin ƙafa 8,000, nauyin iska na raguwa zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na wanda ke bakin teku, don haka kumfar iska kan ƙara girma da kusan sulusi, ta turo mai waje. Masu wasan juyi da jirgi a sama kuwa sukan haɗa siririn tiyo a bakin ramin ya kai rarar man nesa da injin. Abin da bai halatta ba shi ne toshe ramin, domin matsi zai taru, birki ya riƙa kama taya ba tare da an taka ba.

Idan ta mahaɗi ne

A nan ne mutane da dama ke ɗaukar sifana su ƙara ɗauri, kuma a nan ake ɓarna. Haƙoran mahaɗin da ke shiga tankin masu tsukewa ne, suna ƙara matsewa yayin da ake murɗawa, kuma ƙarfin da ya wuce kima kan tsaga alminiyon tankin.

Hanyar da ta dace ita ce a tsiyaye man, a kwance mahaɗin, a wanke haƙoran, a duba su da madubin ƙara girma. Idan lafiya suke, a shafa man toshe haƙora wanda man birki ba ya narkar da shi, a bar haƙori ɗaya ko biyu na farko babu komai don kada ya shiga ciki. Masana da yawa na hana amfani da farin tef irin na masu gyaran famfo, domin zarensa kan yage ya bi mai ya toshe masta. Mahaɗi mai buɗaɗɗen baki kuwa ba a shafa masa komai, kuma na jirgi kusurwarsa digiri 37 ce, na mota 45, ba sa zama da juna. Tiyon da ya bushe ko ya tsage a baki sai a yanke ko a sauya shi. Tankin da ya tsage ba a liƙe shi, sabo ake sawa.

Kuskuren da ya fi tsada

Man birkin mota, DOT 3 ko DOT 4, ba ya shiga irin wannan tsari. Sinadarinsa daban ne, kuma yana lalata zoben robar da aka yi domin man jirgi, sai yoyo ya ɓarke a masta da kalifa gaba ɗaya. Idan an riga an zuba, sai an wanke tsarin duka an sauya kowane zobe. Wanda ke son rage haɗarin gobara na iya komawa ga MIL-PRF-83282, wanda sai zafi ya kai wajen maki 205 yake kamawa, kuma yana zama lafiya da zoben da ake da su.

Bayan an gama gyara

Tunda an buɗe tsarin, iska ta shiga, dole a fitar da ita. A ƙananan jirage daga ƙasa ake turo mai, ta ƙaramin bakin da ke jikin kalifa, har ya iso tanki babu kumfa, a yi wa dama a yi wa hagu. Daga nan a taka kowane birki a riƙe. Idan ya tsaya da tauri, aiki ya yi. Idan ya yi laushi akwai sauran iska, idan kuma yana nutsewa a hankali to zoben masta ne ko wani mahaɗi ke sakin mai. Sai a gwada jirgin a ƙasa cikin tafiyar sannu, a sake duba tankin bayan tashin farko, a rubuta aikin a kundin tarihin jirgin.

Dokar Amurka ta bai wa wanda ya haɗa jirginsa damar neman takardar shaidar da za ta ba shi ikon yi masa binciken shekara-shekara da kansa. Wannan dama ce mai nauyi, domin shi ne makanikin, shi ne mai sa hannu, shi ne kuma zai zauna a kujerar matuƙi. Don haka ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, jirgin da aka ga jan mai a jikinsa ba ya tashi sai an san inda man ya fito.