Kasuwar Wudil Makaranta Ce Ga Masu Binciken Siyasa

Duk wanda ya bi hanyar Maiduguri daga Kano ran Juma'a, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 40 ya isa Wudil, zai tarar da kara cike da shanu, ga dillalai, ga fatake, ga manyan motoci ana lodi zuwa Kudu. Daga cikin shanun nan akwai waɗanda aka koro daga Nijar da Chadi. To, jama'a, a ganina wannan kara aji ne babba ga mai neman sanin siyasa da hulɗar ƙasashe, sai dai ɗalibansa ba su cika zuwa ba.

Mu duba yadda na farko suka yi. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zauna a ƙasar Zazzau yana tambayar dattawa, sa'an nan ya fitar da littafinsa na sarautar Zazzau a 1960. C. S. Whitaker na Amurka ya wallafa nasa kan siyasar Arewa a 1970, John Paden kuma kan addini da siyasar Kano a 1973. Namu na gida, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, ya zaga ƙasar Katsina gari gari kafin littafinsa ya fito a 1981. Dukansu da ƙafa suka nemi ilmin nan, ba su tsaya ga abin da wani ya rubuta kaɗai ba.

Yau Wudil na da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Tana kuma da Kwalejin 'Yan Sanda mai ba da digiri. A Kano ga Jami'ar Bayero, wadda ta mai da gidan Malam Aminu Kano, watau Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Masu bincike sun samu, abin bincike kuwa yana bakin ƙofa.

Ga misali. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 aka yarda mutanen ƙasashenta su riƙa shiga ƙasar juna ba tare da biza ba, a 1998 kuma aka tsara takardar shaida domin makiyaya masu ƙetare iyaka. Amma a watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Da sojoji suka hamɓare gwamnatin Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka sāke rufe iyaka har Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar.

Duk wannan shawara a Abuja da Yamai ake yanke ta, amma a kara ake ɗanɗana ta. Shanu nawa suka ragu? Nawa kuɗin sa ya hau? Wace hanya fatake suka koma bi, wa kuma ya karɓi kuɗi a kanta? Amsar tana bakin sarkin kara da dillalai da direbobi. Ɗalibin da ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna da su Juma'a goma zai kawo abin da mahukunta za su amfana da shi ran da za a sāke zancen rufe iyaka.

Roƙona ga malaman jami'a biyu ne. Na farko, su tura ɗalibansu cikin jama'a, gama gani ya kori ji. Na biyu, in an gama bincike a juya taƙaitaccensa da Hausa, domin dillalin da ya ba da labari shi ma ya ji abin da aka gano. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.