Madina a Aljihun Alhaji: Nazari a kan Hotunan Sha'awa na Maziyarta Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hotunan da maziyarta Hausawa ke ɗauka a Madina ba don sana'a ba, sai don sha'awa da ajiye tarihin tafiya. Ta bi sawun shigar kyamara birnin, ta bayyana abin da waɗannan hotuna suka fi kamawa, da matsayinsu a fiƙihu da dokar Saudiyya. Hujjar maƙalar ita ce, hotunan da ake raina wa daraja su ne suka fi amfani ga mai nazarin tarihi, kuma su ne suka fi saurin salwanta.

Gabatarwa

Hoton sha'awa, a ma'anar da aka ɗauka a nan, shi ne wanda mutum ya ɗauka da kyamararsa ko wayarsa ba tare da an biya shi ba, kuma ba tare da niyyar sayarwa ba. Masanin zamantakewa ɗan Faransa Pierre Bourdieu ya nuna tun 1965 cewa irin wannan hoto ba son zuciyar mai ɗauka kaɗai ke tafiyar da shi ba: al'umma ce ke tsara abin da ya cancanci a ɗauka da lokacin da ya dace. Wannan ra'ayi ya zauna daram a kan alhazanmu. Mutumin da bai taɓa ɗaukar hoton ƙofar gidansu a Fagge ko Maraɗi ba, da ya sauka Madina sai ya cika wayarsa cikin kwana biyu.

Daga Faifan Gilashi zuwa Wayar Hannu

Hotunan Madina na farko da aka sani su ne na Muhammad Sadiƙ Bey, injiniyan sojan Masar, wanda ya ɗauke su a 1861 a kan faifan gilashi. Aikin yana buƙatar kaya masu nauyi da sinadarai, saboda haka ya daɗe a hannun jami'an gwamnati da masu hali, irin su Ibrahim Rif'at Basha wanda ya yi ɗauka a farkon ƙarni na 20, ya kuma wallafa hotunan a littafinsa Mir'atul Haramaini a 1925. Kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamarar Brownie a 1900 a kan dala ɗaya, amma wannan sauƙi bai iso ga Bahaushen da ya bi ƙasa ta Barno da Sudan, yana noma yana ƙwadago a hanya shekara da shekaru kafin ya tsallaka Bahar Maliya ba. Jama'ar da ta yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da almajiran da suka kewaye Alfa Hashim a Madina har rasuwarsa a 1931, mun fi sanin su ta rubutu da ruwayar baka.

Da jirgin sama ya zama hanyar aikin Hajji, hoto ya shiga cikin tsaraba. Da yawa daga masu karatu za su tuna 'yar na'urar robar nan da yara ke kanga ido a kai, suna latsawa suna ganin Ka'aba da Koren Ƙubba. Akwai kuma hoton ɗakin mai hoto, inda alhaji ke tsayawa gaban labulen da aka zana masallaci. Duk waɗannan hotunan kasuwa ne. Maziyarci saye ya yi, ba idonsa ba ne ya zaɓa. Ko wanda ya riƙe kyamarar kansa, fim ɗinsa bai wuce ɗauka 24 ko 36 ba, ga kuɗin wanki, ga masu gadin ƙofofin masallaci da ba sa barin a shiga da kyamara. Wayar hannu ce ta rushe wannan shinge. Hukumomin Saudiyya sun hana sayar da waya mai kyamara na wani lokaci, sannan suka janye hanin a ƙarshen 2004. A Hajjin 2023 kujerun Nijeriya kaɗai sun kai 95,000, kuma da wuya a sami wanda ya tafi ba da waya ba.

Me Ake Ɗauka?

Ana iya raba hotunan gida biyu, ko da yake rabon ba daidai yake ba. Kashi mafi yawa shi ne hoton shaida: ga ni gaban Koren Ƙubba, ga ni a Ƙuba, ga ni a kan tudun maharba a Uhudu. Aikin wannan hoto kusan ɗaya ne da na haƙorin Makka a da, wato tabbatar wa na gida cewa an je. Shi ya sa suke kama da juna. Lemomi 250 da aka kammala kafawa a harabar Masallacin Annabi (SAW) a 2010, masu buɗewa da rufewa, sun bayyana a wayoyi bila adadin daga kusurwa kusan guda.

Kashi na biyu shi ne wanda wannan maƙala ta fi damuwa da shi. Shi ne hoton da aka ɗauka a kan hanya, sau da yawa ba tare da shiri ba: tattabaru suna cin tsaba, layin karɓar abinci a masaukin alhazan jiha, mai dabino yana auna ajwa, hajiyoyi sanye da atamfa iri ɗaya ta hukumar alhazai suna cinikin darduma, shimfiɗar buɗa-baki a Ramadan da burodi da kindirmo da dabino, ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina yana yi wa mutanen garinsu tafinta, Batakariya tana sayar da abincin gida a bayan otal. Mai wayar yakan ga waɗannan a matsayin cikon benci, su ne kuma na farko da yake gogewa idan wuri ya cika.

Amma Madina gari ne da ke sauya kama da sauri. Faɗaɗa masallaci da aka yi a zamanin Sarki Fahad, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1994, ya haɗiye mafi yawan tsohon birni, ciki har da unguwar Agawat da ke maƙwabtaka da masallacin. Wanda ke son sanin faɗin lungunan wannan unguwa, ko irin tagogin katakonta, ko su wa ke zama a bakin ƙofofinta, dole ya koma ga hoto, kuma sau da yawa abin da yake nema yana bayan wanda aka ɗauka ne, ba a fuskarsa ba. Haka abin yake ga tarihinmu. Zanen atamfar alhazai yana iya nuna jiha da shekara. Allon farashi a shago yana ba da labarin darajar riyal. Yadda maza da mata suka tsaya a hoto guda yana faɗin abin da rahoton hukuma ba zai faɗa ba. A ganin mai wannan rubutu, hoton da ya karkace, wanda rabin motar haya ta shigo cikinsa, ya fi hoton ƙubba na dubu amfani ga manazarci.

Fiƙihu, Doka da Kunya

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan ko hoton kyamara ya shiga cikin hanin suranta mai rai. Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i ya halatta shi, bisa hujjar cewa tsare inuwa ne kawai, ba ƙaga sura ba. Shaihu Abdul'aziz bin Baz kuwa ya tafi a kan hani sai da larura, kamar hoton fasfo. Ra'ayoyin biyu duk suna da mabiya a ƙasar Hausa. Sai dai muhawarar yau ta karkata daga asalin hukuncin zuwa niyya: mai ɗaga hannu yana addu'a alhali abokinsa na saita waya, ibada yake yi ko riya? Wannan tambaya ta fi shafar hoton shaida, musamman na ɗauki-kanka a Rauda, inda minti kaɗan ake ba kowane rukuni.

Hoton yau da kullum kuwa matsalarsa daban ce, domin mutanen da ke cikinsa ba su ba da izini ba. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar kyamarar waya. Ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a na 2019 su ma sun sanya ɗaukar mutum ba da yardarsa ba cikin laifuka. Ga Bahaushe akwai ƙarin wani abu: Batakariyar da ke talla a bayan otal wataƙila ba ta da takardar zama, wataƙila kuma danginta a gida ba su san sana'arta ba. Hoton da ya zama taska ga mai bincike yana iya zama tonon asiri gare ta. Duk wanda zai wallafa irin wannan hoto ya wajaba ya auna wannan tukuna.

Matsalar Adanawa

Hoton takarda na shekarun 1970 yana koɗewa, gara tana ci, damina tana lalatawa, amma yakan kai shekara hamsin a ƙasan adaka. Na waya ba shi da wannan tabbas. Waya takan faɗi, a sace, ko a sayar. Abin da ya tsira shi ne kwafin da aka tura wa dangi ta WhatsApp, wanda manhajar ta rage wa inganci, ta kuma cire masa bayanan rana da wuri da kyamara ke maƙalawa. Sai a wayi gari da hoto ba shekara, ba suna.

Akwai abin koyi a kusa. Shirin ceto taskoki na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya ɗauki nauyin kwafe hotunan Jacques Toussele, mai hoto a garin Mbouda na Kamaru. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sassan nazarin Hausa na jami'o'i, su ne suka dace da karɓar albam ɗin alhazai, su kwafa su mayar wa masu shi. Kwafar ba ita ce mai wuya ba. Mai wuyar ita ce zama da mai hoton a tambaye shi shekarar tafiya, da unguwar da aka sauke su, da sunan wanda ke tsaye a gefensa. Wanda ya yi Hajji a 1975 yana ɗan shekara talatin, yau ya kai tamanin.