Masu Gadin Ganyen Alayyafo

Yara, kun taɓa lura da doya idan an fere ta an ajiye? Ba ta jimawa sai farinta ya soma dafewa. Haka kuma fartanya, in ta kwana biyu cikin raɓa sai ta yi tsatsa. Duk wannan aikin wata iska ce da ake kira oksijin. Ita ce kashi 1 cikin 5 na iskar da muke shaƙa. In babu ita ba mu rayuwa, amma kuma tana cin abubuwa sannu a hankali.

To, ku matsa lemun tsami a kan doyar nan ku gani. Za ta daɗe ba ta dafe ba. Dalili kuwa, cikin lemun akwai bitamin C, wanda yake tare ɓarnar oksijin. Sinadarai masu irin wannan aiki mu kira su masu gadi.

Ganyen alayyafo cike yake da su. Ganye yini yake cikin rana yana yi wa tsiro abinci, yana fitar da oksijin. Da ba shi da masu gadi, da rana da iskar nan sun lalata shi. Saboda haka yake yin bitamin C, da bitamin E, da karotin, da lutin. Alayyafon Turawa, wanda asalinsa daga ƙasar Farisa ne, da namu na lambu dangi ɗaya ne, duka biyu kuwa suna da su.

Masana sun so su ga yadda tsiro yake yin waɗannan abubuwa. Kowane ganye an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. A shekarar 1902 wani masani a ƙasar Ostiriya, Haberlandt, ya gwada rainon ƙwayoyin ganye cikin kwalba, amma ba su hayayyafa ba. Sai a 1939 waɗansu a Faransa da Amurka suka ci nasara. Yanzu akan yanki ɗan guntun tsiro, a sa shi cikin kwalba mai tsabta, a ba shi sukari da gishirin da yake bukata. Sai ƙwayoyin su yi ta ƙaruwa, ba saiwa, ba reshe. Waɗanda aka ajiye cikin duhu ba su yin kore. Ta haka ake auna abin da haske da abinci suke ƙara musu.

Mu fa, ina ribarmu? In mun ci ganye, jikinmu yakan juya karotin ya zama bitamin A. Rashin wannan bitamin shi yake kawo dundumi, watau yaro ya kasa gani da magariba. Lutin kuwa yakan taru a can cikin ido.

Amma a lura da girki. Bitamin C yana narkewa cikin ruwa, zafi kuma yana kashe shi. Saboda haka a wanke ganye tukuna kana a yanka, a zuba shi cikin miya daf da saukewa, kada kuma a zubar da ruwansa. Karotin kuwa ya fi shiga jiki in an haɗa da ɗan mai. In kun koma gida yau, ku gaya wa iyayenku wannan.

Tambayoyi
1. Me ya sa doya take dafewa?
2. Don me ganye yake bukatar masu gadi?
3. Yaya ya kamata a dafa alayyafo?