Tayar babban babur: abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa

Babur mai nauyin fiye da kilo 200, da ke iya zarce gudun kilomita 200 a sa'a guda, ba ya taɓa kwalta sai a wurare biyu, kowanne faɗinsa bai fi na katin cirar kuɗi ba. Ta nan birki yake kamawa, ta nan ake karya kwana, ta nan kuma ƙarfin inji yake sauka ƙasa. Mota tana da tayoyi huɗu, idan ɗaya ta gaza sauran ukun na iya tallafa wa direba har ya tsaya. Mai babur ba shi da wannan gatan.

Ana maganar manyan baburan da aka ƙera domin gudu da doguwar tafiya a lokaci guda, irin su Yamaha Tracer 9 da FJR1300, da Kawasaki Ninja 1000SX, da BMW R 1250 RT. Ana ganin ire-irensu a Abuja da Kaduna da Kano, galibi a hannun matasa, kuma da yawansu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka. Mai irin wannan babur yakan kashe miliyoyin naira wajen sayensa, amma idan lokacin sauya taya ya yi sai ya koma neman wadda ta fi araha.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a jikinta. A yawancin waɗannan babura tayar gaba tana da rubutun 120/70 ZR17, ta baya kuwa 180/55 ZR17, ko 190/50 ZR17 kamar ta Ninja 1000SX. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, amma a matsayin kaso na faɗin: 70 cikin ɗari na 120 ya ba da milimita 84. Harafin R yana nufin zarurrukan da ke cikin robar sun ratsa tayar daga gefe zuwa gefe, ƙirar da ke rage zafi a babban gudu, Z kuma alama ce ta cewa an yi ta domin gudun da ya haura kilomita 240. Lamba 17 girman wili ne a inci.

Bayan wannan akwai wata 'yar lamba da mutane ba su cika kula da ita ba, misali 58W a gaba da 73W a baya. Lambar tana faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka: 58 na nufin kilo 236, 73 kuwa kilo 365. W na nufin gudun kilomita 270 a sa'a. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ana iya sa wadda ta fi abin da littafin babur ya tanada, amma ba a sa wadda ta gaza shi.

Wasu kan sa tayar baya da ta fi faɗi saboda ta fi cika ido. Wannan kuskure ne da ke da farin jini. Idan aka matsa taya mai faɗin 190 a wilin da aka yi wa 180, siffarta takan canja, ta tsuke, sai babur ya riƙa faɗawa cikin kwana ta hanyar da ba a ƙera shi a kai ba.

Roba iri biyu a taya ɗaya

Matsalar da kamfanoni suka daɗe suna fama da ita ita ce roba mai laushi tana riƙe titi amma tana saurin suɗewa, mai tauri tana daɗewa amma tana zamewa. Mafitar da aka samu ita ce a haɗa biyun: roba mai tauri a tsakiya, inda taya ke gurzar kwalta a miƙaƙƙen titi, mai laushi a gefuna, inda take dogara idan babur ya kwanta a kwana. Ana kuma cakuɗa robar da sinadarin silika domin ta riƙe jiƙaƙƙen titi. A kan wannan tsari aka gina fitattun tayoyin wannan aji, kamar Michelin Road 6, da Bridgestone Battlax T32, da Pirelli Angel GT II, da Dunlop Roadsmart IV. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda tallace-tallace ke zuzuta shi ba. Tazarar gaske tana tsakanin waɗannan duka da tayar da ba a san wanda ya ƙera ta ba.

Nauyin babur shi ke raba gardama ta gaba. Tracer 9 da FJR1300 girman tayoyinsu ɗaya ne, amma na farkon bai wuce kilo 220 ba, na biyun kuwa ya kusa 290 kafin a ɗora fasinja da akwatuna. Shi ya sa Michelin da Bridgestone suke fitar da wani nau'i mai alamar GT, wanda aka ƙarfafa jikinsa domin babura masu nauyi. Wanda ya sa tayar da ba ta GT ba a babur mai nauyi zai ji yana lilo a babban gudu, kuma za ta riga lokacinta ƙarewa.

Ita kuwa tayar tsere, wadda kusan ba ta da zane, ba ta dace da tafiya daga Abuja zuwa Kano ba. Tsakiyarta za ta baje tun gefunanta na sababbi, kuma a damina ba ta da isassun tsagogin da za su kore ruwa. Haka nan ba a so a haɗa gaba da baya daga kamfanoni daban-daban, domin an zana kowace biyu ne su yi aiki tare.

Shekarun taya da kasuwar gwanjo

A nan ne mai saye a Najeriya ya fi fuskantar haɗari. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa hawanta ba. Tana bushewa, tana yin tauri, zafin rana kuma yana gaggauta hakan. A ƙarshen jerin haruffan da suka fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera tayar ne, biyun ƙarshe shekarar. Idan aka ga 2322, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Kamfanin Michelin ya fi sassauci: shawararsa ita ce a riƙa kai ta ga ƙwararre duk shekara bayan ta yi shekara biyar ana amfani da ita, a kuma cire ta idan ta cika goma ko da zanenta na nan. A ƙasar da kwalta ke ƙuna a watan Afrilu, kuma ake jibge tayoyi a rana a bakin shago, ma'aunin hukumar ya fi kusa da hankali.

A hukumance, tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayayyakin da aka haramta shigo da su Najeriya, in ban da wasu manyan tayoyin manyan motoci da ake sabunta zanensu. Duk da haka ba sa wuyar samu a kasuwannin kayan gyara, kuma ba a ɓoye ake sayar da su ba. Tambayar yadda suke ratsa tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki tana kan Hukumar Kwastam da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki.

Dalilin da ya sa suke da kasuwa ba boyayye ba ne. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, bayan kukan tsadar wutar lantarki da rage harajin tayoyin da ake shigo da su. Ƙasar da ke noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta koma sayar da ɗanyarta tana sayo sarrafaffiya da dala. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, tayoyi ma ba su tsira ba. Sai dai tayar gwanjo ba ta faɗin tarihinta. Ba a ganin zaren da ya tsinke a ciki bayan ta daki rami, ba a kuma sanin ko an taɓa tafiya da ita babu iska. Ɗan kumburi a gefe, ko ƙananan tsagogi a cikin zanen, sun isa a ajiye ta. Idan kuma an goge lambobin ranar ƙira ko an taɓa su, maganar ciniki ta ƙare.

Bayan an biya kuɗi

Sa tayar ma wani aiki ne. Mai faci na bakin titi ya saba da ƙarfe da guduma, wilin waɗannan babura kuwa na alminiyam ne, kuma tayoyin ba su da tif, don haka ƙaramin lanƙwasa a bakin wili ya isa ya sa iska ta riƙa zurarewa. Ya fi kyau a nemi mai injin cire taya, a sauya bawul tare da tayar, a daidaita nauyin wilin, a kuma tabbatar kibiyar da ke gefen taya tana kallon inda take juyawa. Sabuwar taya tana da santsi, saboda haka kamfanoni ke ba da shawarar a bi ta a hankali na kimanin kilomita 150 na farko, ba tare da birki mai ƙarfi ko kwantar da babur sosai ba.

Iska ake aunawa da geji, ba da latsa yatsa ba, kuma da safe kafin taya ta ɗumama. Yawancin waɗannan babura suna buƙatar ba 2.5 a gaba da 2.9 a baya, wato 36 da 42 a ma'aunin da masu faci suka saba da shi, amma adadin da ke manne a jikin babur shi ne abin bi. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwasawa fiye da kima, tana tara zafi, ta ƙara shan mai, a doguwar tafiya kuma tana iya fashewa.

A cikin tsagogin zanen akwai 'yan tudu da alamar TWI ko ɗan triyangul ke nunawa a gefe. Idan zanen ya suɗe ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. A Birtaniya doka ta tanadi zurfin milimita 1 ga manyan babura, a Jamus milimita 1.6. Huda a tsakiyar zane ana iya facinta daga ciki, amma hudar gefe ba ta da gyara.