Maigidan aiki ne ke fara gani

A kasuwar shanu ta Mubi, yaran da ke loda dabbobi a tirelolin Kudu kan kama aiki da sassafe, wani lokaci sai dare ya raba. Wasunsu da tramol suke karya kumallo: a jefa ƙwaya a kofin shayi, a kurɓe, a shiga turke. Ƙarfi suka fara nema, ba maye ba. Haka abin yake ga direban keke da lebura a wurin gini, har da ma'aikacin ofis.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Masu waɗannan shekaru a wurin neman abinci suke yini, don haka maigidan aiki yakan riga iyaye lura. Sai dai ba wanda ya koya masa abin yi. Ko ya kawar da kai tunda aiki na tafiya, ko ya kori yaro a bainar jama'a, yaron ya koma tasha abin ya ƙaru.

Alamun a fili suke ga wanda aka nuna wa. Yaron da jiya ya yi aikin mutum uku, yau yana gyangyaɗi a tsaye. Makara ta yawaita, yana yawan neman a ba shi wani abu kafin biya, ga saurin fushi. In ya rasa ƙwayar sai gumi, hamma, yoyon hanci da ciwon gaɓoɓi, a zaci zazzaɓi ne. Alama ɗaya ba hujja ba ce, maigida kuma ba likita ba ne. Nasa shi ne ya rubuta abin da ya gani da ranarsa, ya ja yaro gefe: "Sau uku ka makara makon nan, jiya saura kaɗan sa ya take ka. Me ke damunka?" Ya janye shi daga tuƙi da inji, ya raka shi asibiti ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, ya kuma riƙe masa sirri.

Tramol in ta yi yawa tana kawo jijjiga kamar farfaɗiya. A kwantar da mutum ta gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, a garzaya asibiti.

Koya wa maigida duk wannan horo ne na yini guda. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa za su iya shirya shi, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa a cikin gari. Ina roƙon a sa tambaya ɗaya a ciki, duk da nauyinta: awa nawa kake sa yaronka aiki ba hutu, kuma da me kake zaton yake jurewa?